Muhawara: Suna ɗaya, gado daban, yadda ake karanta launin karnukan tsantsar iri

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum. Ina so mu tattauna kan sunayen launi da ake rubutawa a takardar asalin karnukan tsantsar iri, domin ruɗanin da ke ciki ya wuce batun ƙawa. Ku ɗauki kalmar "bulu" kaɗai. A Giret Den, bulu na nufin baƙin da ya tsarmu ya koma ruwan toka tun daga haihuwa. A Koli, bulu na nufin meril, wato toka-toka mai baƙaƙen dabbare. A karen kiwon shanu na Ostireliya, gauraye ne na baƙin gashi da fari, sili-sili. A Keri Bulu kuwa, baƙi ƙirin ake haifar kwikwiyon, sai furfura ta riƙa cin baƙin har ya dushe. Kalma ɗaya, abubuwa huɗu, kowanne da hanyar gadonsa. Wanda ya haɗa barbara bisa sunan da ke takarda kawai zai iya samar da kurame da makafi bai sani ba.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga sunaye, a fara da tushe. Sinadarin launi iri biyu ne kacal a jikin kare. Yumelanin shi ke ba da baƙi, fiyomelanin shi ke ba da ja, tun daga ja mai duhu har zuwa ruwan madara. Fari galibi ba launi ba ne, wuri ne da ƙwayoyin da ke yin launi ba su kai ba. Duk abin da kuka gani a jikin kare amsar tambaya uku ce: ina aka zuba baƙi, ina aka zuba ja, ina aka bari babu komai.

Haruffan da muke amfani da su wajen kiran gurabun gadon launi, irin su A da B da D da E da S, Clarence Little ne ya tsara su a 1957, tun kafin a san ƙwayoyin gadon kansu. Kuma akwai tsari wajen karanta su. A fara da gurbin E. Idan kare ya gaji ƙaramin e daga uwa da uba, gashinsa ba zai yi baƙi ba ko sili ɗaya, komai abin da sauran gurabun suka ɗauko. Wannan ne Labrado mai ruwan ƙwai da Goldin Ritiriba da Seta na Ailan. In ba haka ba, sai a duba K. Kwafi ɗaya na KB ya isa ya rufe kare da baƙi. In babu KB, a nan ne gurbin A ke samun bakin magana: ko sebul, wato ja mai baƙin bakin gashi, ko launin kyarkeci, ko baƙi da ja, ko baƙi mai ɓuya.

Nasiru: Dakta, a ƙara da cewa B da D ba sa canza tsarin zanen, launin baƙin kawai suke sauyawa. Kwafi biyu na ƙaramin b na mai da kowane baƙi ruwan hanta, har da hanci da leɓe da bakin fatar ido da tafin dagi. Kwafi biyu na ƙaramin d na tsarma shi ya zama ruwan toka. In suka haɗu, a samu isabela, launin Waimarana. Shi ya sa nake ganin hanci ne wurin da ya kamata a fara duba. Kare mai bb ba zai taɓa yin baƙin hanci ba. In aka nuna maka "cakulan" mai baƙin hanci, to ba cakulan ba ne, ko ja ne mai duhu ko baƙi ne da rana ta ƙona.

Ni a ganina ma a watsar da sunayen nan gaba ɗaya a riƙa rubuta haruffa. Dubi bb: a Labrado cakulan, a Sifaniyal da Dalmeshiyan hanta, a Fudul ruwan ƙasa, a Dobaman da karen kiwon tumaki na Ostireliya kuma "ja". Alhali ja a Seta na Ailan fiyomelanin ne zalla, babu abin da ya haɗa su.

Alhaji Tanko: A'a ƙanena, ba a watsar da su. Alƙali a filin baje koli ba shi da ɗakin gwaji, idonsa da ma'aunin irin, wato rubutaccen bayanin siffar da ake so a kowane iri, ne a hannunsa. Kuma ma'aunin yakan faɗi abin da haruffa ba sa faɗi. Rotwaila da Dobaman da Godon Seta duk baƙi da ja ne a gurbin A, amma ma'aunin Rotwaila na ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, ya ce jan kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na jiki, ya kuma ƙididdige wurarensa: ɗigo a saman kowane ido, kumatu, gefen baki biyu ban da doron hanci, maƙogwaro, alwatika biyu a ƙirji, ƙafafun gaba daga wuyan dagi zuwa ƙasa, cikin ƙafafun baya, ƙarƙashin wutsiya, sannan baƙin layi siriri a kan yatsu kamar an ja da fensir. Gwaji zai ce maka karen na da wannan gadon, ba zai ce maka ko jan ya malala ya haɗe a ƙirji ko ya yi dauɗa da baƙi ba.

Wasu sunayen kuma tarihi ne. Fari da ja a Kabaliya ana ce masa Bilenim saboda fadar Bilenim ta Ingila. Fari da baƙi a Niyufanlan ana ce masa Lansiya saboda mai zanen nan Edwin Landseer. Abin da ake buƙata mutum ya san kalmar wane iri yake karantawa. Kalmar "fon" a Boksa sebul ce, a Dobaman isabela ce. Wanda ya san wannan ba zai ruɗe ba.

Nasiru: Na yarda, Alhaji, amma a filin baje koli. A wurin haɗa barbara haruffa ne ke aiki.

Alhaji Tanko: Wannan kuma babu musu.

Baba Garba: Ku bar ni in sa baki ta wani ɓangaren. Muna ta lanƙwasa harshe da kalmomin aro alhali Hausa na da sunayen launin dabba masu yawa, musamman na doki. Akawal baƙi ne, kili fari, gunya ruwan madara, danda mai manyan faci na fari da wani launi, hurde mai toka-toka da dabbare. Ga wake-wake, ga roɗi-roɗi, ga ratsi-ratsi. Karen da ke da gadon S, wato gadon fari, mai manyan faci, irin Bigul ko Foyinta, danda ne, ba sai an nemo wata kalma ba. Birindil kuma ratsi-ratsi ne, baƙaƙen layuka a kan ja.

Malam Isiyaku: Allah ya ƙara girma, Baba. Danda da ratsi-ratsi sun zauna daram. Wake-wake ma ya dace da ƙananan ɗigon da ke fitowa a kan fari, irin na Seta na Ingila. Amma hurde ina jin tsoronsa. Dokin hurde da duhu ake haifarsa, shekaru ne ke mai da shi toka-toka, wato ɗan'uwan abin da ke faruwa a Keri Bulu ne. In muka kira meril hurde, mun sake gina ruɗanin da muke ƙoƙarin rushewa, a kan launin da ya fi kowanne haɗari.

Baba Garba: Ka yi gaskiya. A bar wa meril sunansa, ko a ce mai dabbaren gado, don a san daban yake.

Hajiya Ladidi: Tunda an zo kan meril, a tsaya a nan sosai. Wani guntun gado ne da ya kutsa cikin ƙwayar PMEL, an gano shi a 2006. Aikinsa tsarma yumelanin a wasu wurare ya bar wasu, shi ya sa ake ganin faci masu yagaggen baki, ba masu santsin gefe irin na danda ba. Kwafi ɗaya shi ne meril da aka sani. Kwafi biyu ne masifar: kare ya fito kusan fari, sau da yawa kurma, idanunsa ƙanana ko marasa siffa, wani lokacin babu gani sam. In aka haɗa meril da meril, kowane kwikwiyo na da damar ɗaya cikin huɗu ta gadar kwafi biyu. Ba wai kowace haihuwa ta 'ya'ya takwas za ta ba da biyu cif ba, tana iya ba da huɗu, tana iya ba da babu, amma lissafin kenan. Saboda haka ne ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ta daina rajistar 'ya'yan irin wannan haɗin tun daga Janairun 2013.

Matsalar ita ce ba kowane meril ake gani ba. Hanyoyin ɓuyansa uku ne. Na farko, kare mai ee. Tunda ba shi da baƙi a gashi, meril ba shi da inda zai bayyana, sai a ga kare ja sumul alhali yana ɗauke da shi. Na biyu, sebul. A kwanakin farko ana iya ganin dabbaren a bakin kunne da wutsiya, amma da baƙin jarirantaka ya zube sai alamar ta ɓace. Na uku, tsawon guntun kansa. Yana da jela mai tsawo daban-daban, daga kusan 200 zuwa 280 a ma'aunin masu gwaji. Gajere ba ya nuna komai a gashi, wanda ya kai wajen 265 zuwa 268 shi ne meril na sosai, matsakaita kuma sukan ba da launi mai ɗan dushewa da ake ɗauka wani abu ne daban. Don haka gwajin da ya ce "akwai" ko "babu" kawai bai wadatar ba, a nemi wanda ke faɗin tsawon.

Kuma a Dakshun ba a ce masa meril, daful ake cewa. Mutum na iya karanta gargaɗi goma a kan meril, ya je ya haɗa daful da daful bai san abu ɗaya ba ne.

Nasiru: Hajiya, a Giret Den abin ya ƙara hawa. Halikwin, wato fari mai yagaggun baƙaƙen faci, meril ne da aka ɗora wa wata ƙwaya ta biyu, H, wadda ke share tokar ta bar fari. H ba ta nuna komai in babu meril, don haka baƙin kare na iya ɗauke da ita. Kwafi biyu na H kuwa ɗan tayi ba ya rayuwa, a ciki yake mutuwa. Halikwin da halikwin kenan asara biyu ce: kashi ɗaya cikin huɗu ba a haife su ba, cikin sauran kuma ga masu meril biyu. Haɗin da ya fi aminci shi ne halikwin da mantul, wato baƙi mai farin wuya da ƙirji da ƙafafu.

Alhaji Tanko: Kuma haihuwar halikwin takan fitar da meril zalla, ba laifin kowa ba ne. AKC sai a 2019 ta karɓe shi a ma'aunin Giret Den, bayan shekaru ana haifarsa ana hana shi shiga fili.

Malam Isiyaku: Dakta, a yi mana bayanin alaƙar fari da kurumta, domin mutane na ɗauka kowane farin kare na cikin haɗari.

Dakta Rabi: Ba kowanne ba, Malam, kuma bambancin na da muhimmanci. Fari iri biyu ne. Akwai farin da asalinsa ja ne da ya dushe matuƙa, kamar Samoyed da Westi da farin karen kiwo na Suwizalan. Ƙwayoyin launi na nan a fatarsu, hanci baƙi, bakin ido baƙi, kunnensu lafiya. Akwai kuma farin rashin ƙwayoyin launi, na danda mai tsanani da meril biyu, inda fatar ƙarƙashi take ruwan hoda.

Tun kwikwiyo na ciki, ƙwayoyin launi daga layin gadon baya suke tasowa su bazu zuwa ƙasa. Wuraren da suka fi nisa su ne na ƙarshen samu: yatsu, ƙirji, ƙarshen wutsiya, tsakiyar goshi. Shi ya sa ɗan farin ɗigo a ƙirji ko a yatsa yake fitowa ko a karen da ba ya ɗauke da gadon danda, kuma yakan ragu yayin da yake girma. Ba shaidar gauraye ba ce. To irin waɗannan ƙwayoyin ne ake buƙata a can cikin kunne, a wani sashe da ke daidaita ruwan da jijiyoyin ji ke aiki da shi. In ba su kai can ba, ƙwayoyin ji sukan mutu a makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba sa dawowa.

Tafa hannu a bayan kwikwiyo ba gwaji ba ne. Yana jin motsin iska da girgizar ƙasa, yana kuma kwaikwayon 'yan'uwansa. Mai kurumtar kunne ɗaya ma zai juyo kamar lafiyayye, sai dai ya riƙa kuskuren inda sautin ya fito, kuma yana gadar da matsalar. Gwajin BAER ne ke tabbatarwa: ana sa ƙananan allurai masu waya a ƙarƙashin fatar kai, a saka sauti a kunne ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta zana amsar ƙwaƙwalwa. Ana yin sa daga mako 5 zuwa 6, cikin 'yan mintuna. Duk Dalmeshiyan da farin Boksa da farin Bul Teriya da karen kiwon shanu na Ostireliya ya kamata a yi musu kafin a raba su.

Hajiya Ladidi: Ido mai launin bulu ma haka, a duba irin. A Dalmeshiyan yana tafiya da ƙarin haɗarin kurumta, domin alama ce ta ƙarancin ƙwayoyin launi a kai. A Haski na Saiberiya kuwa wani gado ne daban da ba ruwansa da kunne.

Alhaji Tanko: Dalmeshiyan na da wani abu da ya kamata masu kiwo su yi tunani a kai. Fari tas ake haifarsa, ɗigon na fara fitowa wajen mako biyu. Wanda aka haifa da faci a kunne ko a ido, ma'auni ya fitar da shi daga fili. Amma masu facin nan sun fi tsira daga kurumta, saboda launi ya kai kansu. A nan ma'aunin na ja gabas, lafiya na ja yamma, kuma ni ina ganin lafiyar ce ya kamata ta rinjaya. A Boksa ma, ma'aunin AKC ya hana farin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jiki, amma ana son mai farin wuya da ƙafafu. Masu wannan adon galibi kwafi ɗaya na gadon fari suke ɗauke da shi, in aka haɗa biyu sai kusan ɗaya cikin huɗu ya fito fari. Son adon ne ke haifar da abin da ake ƙi.

Baba Garba: To batun Labrado mai ruwan azurfa fa? Nasiru, kai da ke son haruffa.

Nasiru: Baba, a haruffa abin a fili yake: bb da dd ne, cakulan da aka tsarma. Ma'aunin Labrado launi uku ya sani, baƙi da ruwan ƙwai da cakulan, kuma AKC a matsayin cakulan take rajistar masu azurfar. Gardamar ita ce daga ina d ta shigo, wasu na cewa daga Waimarana, wasu na cewa tana ɓoye a irin tun da can. Gwajin launi ba zai raba wannan gardamar ba.

Lissafin launuka ukun kuwa kowa ya riƙe shi. Baƙaƙe biyu da kowanne ke ɗauke da b da e za su ba da, cikin 16, baƙi 9, cakulan 3, ruwan ƙwai 4. Ɗaya daga cikin huɗun nan zai zo da hanci ruwan hanta da ido mai haske, shi ake kira Dadli. Ruwan ƙwai biyu ba sa haifar komai sai ruwan ƙwai. Cakulan biyu ba sa haifar baƙi. In baƙi ya fito daga ɗayan haɗin nan biyu, a binciki uban, domin karya na iya ɗaukar cikin karnuka biyu a lokacin barbara ɗaya.

Dakta Rabi: Da togiya ɗaya, Nasiru. A Buldok na Faransa akwai ruwan ƙasa na biyu da ake kira koko, daga wata ƙwaya daban. Koko da bb na iya haifar mai baƙin launi, kuma uban na gaskiya ne.

Abin da ya fi damuna da dd ba asalinsa ba ne, fata ce. Akwai zubar gashi da ke bin tsarmammen launi. Sinadarin na dunƙulewa a cikin silin gashi, silin ya yi rauni ya karye, ramin gashin ya lalace. Kwikwiyo na tasowa da gashi mai kyau, sai tsakanin wata 6 da shekara 2 zuwa 3 gadon baya ya fara yin sanƙo, da ƙuraje da amosani. A Dobaman mai bulu abin ya yi yawa, kuma alamarsa ita ce jajayen wuraren ba sa zubewa, tokar kaɗai ke tafiya. Ana tabbatarwa da duba silin gashi a madubin likita ko yankar ɗan guntun fata. Ba a warkar da shi, sai lallaɓawa: sabulu mai laushi, man da ke hana bushewa, maganin ƙwayoyin cuta in ƙuraje sun yi ruwa, a guji burushi mai kaushi. Waimarana duk dd ne amma galibinsu lafiya lau, wato ba d kaɗai ke jawo shi ba. Don haka a ga uwa da uba bayan sun haura shekara 3, a shafa bayansu, kafin a yarda da layin.

Hajiya Ladidi: Kuma duk launin da aka yi wa laƙabin "wanda ba a cika samu ba" a irin da ma'auninsa bai san shi ba, a yi hattara. Meril mai rinjaye ne, ba ya ɓuya tsararraki da yawa a irin da baƙi ya yawaita sannan ya ɓullo. In ya bayyana kwatsam a Buldok ko Fudul, mafi kusa shi ne an shigo da shi daga wani iri.

Malam Isiyaku: Saura lokacin rubuta launi a takarda, domin kurakurai da yawa daga gaggawa suke. Yokshaya baƙi da ja ake haifarsa, bulun ƙarfen sai daga baya. Keri Bulu an ba shi har wata 18, in ya kai haka yana baƙi ƙirin AKC ta fitar da shi. Karen kiwon shanu na Ostireliya fari ake haifarsa in ban da facinsa. Sebul da duhu yake zuwa ya washe. Karen Jamus mai sirdi kusan baƙi yake a jariri, jan ya riƙa hawa daga ƙafafu har sirdin ya rage a baya. Hanyar raba sebul da baƙi da ja ita ce a buɗa gashin baya a dubi sili ɗaya: na sebul gindinsa haske ne bakinsa baƙi, na launin kyarkeci hawa-hawa ne, na baƙi da ja kuwa duhu ne daga tushe har sama. A yi dubawar da hasken rana, a ɗauki hoto a ranar haihuwa da kuma mako 8.

Dakta Rabi: Baƙin gashi da ya koma ja-ja ma ba lallai gado ba ne. Rana na yi, tsohon gashin da ke shirin zubewa na yi, ƙarancin tagulla ko tairosin a abinci na yi. Jan da ke dagi da gefen baki da ƙarƙashin ido na farin kare kuwa tabon miyau da hawaye ne, a nemi dalilin lasar.

Wajen ɗaukar samfurin gwaji, a raba kwikwiyo da nono da 'yan'uwansa kamar awa ɗaya zuwa biyu, don kada ƙwayoyin uwar su gurɓata sakamakon. A murza audugar a cikin kumatu, tsakanin kunci da dasashi, na wajen daƙiƙa 20 zuwa 30, ƙwayoyin fata ake nema ba miyau ba. A bar ta ta bushe a iska kafin a sa a ambulan na takarda, domin leda na riƙe danshi ta ruɓar da samfurin. A rubuta lambar kowane kwikwiyo nan take. A kuma tambayi ɗakin gwajin nau'i nawa na b da d suke dubawa, domin kowannensu ya fi ɗaya, kuma wanda ke duba guda kawai zai iya cewa babu alhali akwai.

Nasiru: Birindil ma haka, Dakta. Yawancin gwaje-gwaje ba sa raba shi da kare mai KB ɗaya, sakamakon iri ɗaya suke fitarwa. A nan dole a koma ga ido, kamar yadda Alhaji ya faɗa. Ratsin a kan ja kaɗai yake fitowa, don haka a kare mai baƙi da ja, a ƙafafu da kumatu da ƙirji za a neme shi, ba a gadon baya ba.